Labarin da zai tayar maka da tsigar jiki kuma ya sanyaya maka rai: me ke jan mu gare shi?

Mai_Karatun_Dare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce gare ni. Akwai wani irin gajeren labari na almara da na kasa rabuwa da shi, wanda za a tara maka mutuwa da fatalwa da mayu da aljanu, gabanka na faɗuwa tun daga layin farko, amma in ka kai ƙarshe sai ka ji ranka ya yi sanyi. Labarin soyayya zalla ba ya yi mini haka, na tsoro zalla ma ba ya yi, sai an haɗa tsoron da tausayi. Ni dai a ganina alherin da aka yi a inda babu haɗari ba shi da nauyi a labari, wanda aka yi a bakin halaka shi ke zama a zuciya. Ko ni kaɗai ce? Me kuke gani yake jan mutum?

UmmuHanan: Wa alaikumus salam. Ba ke kaɗai ba ce 'yar'uwa. Ni abin da na lura da shi, labarin da kowa ke cikin jin daɗi tun farko har ƙarshe ba na yarda da shi. Da na ga marubuci ya amince cewa ana mutuwa, ana cin amana, ana rasa abin da ba ya dawowa, to in ya zo ya nuna mini alheri sai in gaskata shi, don na san bai ɓoye mini komai ba.

Sarkin_Musu: Ku yi haƙuri, ni ban ga wani abin mamaki ba. Dabara ce kawai. A tsorata ka, sannan a lallashe ka. Duk wanda aka matse wa wuya aka sake shi zai ji daɗin numfashi, ba wai iskar ce ta canja ba. Marubutan nan sun gano inda hawayenmu yake, suna latsawa.

Hajjo_Tatsuniya: Sarkin_Musu, in dabara ce to tsohuwar dabara ce, kunne ya girmi kaka. Ku tuna tatsuniyar Ruwan Bagaja. An kori 'yar bora ta tafi wanki wurin da ake zaton ba za ta dawo ba. A yadda aka ba mu labarin, ta isa wani gida ta tarar da cinya, cinyar mutum ita kaɗai ba gangar jiki, tare da kare. Cinya ta ce "um", kare ya fassara. Don Allah ku tsaya ku hango abin da idon zuci. Yanki ne na jikin mutum yana zaune yana karɓar baƙi! Amma yarinyar ta gaishe su da ladabi, ba ta yi dariya ba, ba ta zura da gudu ba, kuma su ne suka yi mata karamcin da ba ta taɓa samu a gidan ubanta ba. Abin tsoron shi ne mai kirki, mutanen gida su ne azzalumai. Da 'yar mowa ta bi sahu da rashin kunya kun san abin da ta kwaso. Ina ƙarama ban san me ya sa nake son wannan wurin na cinya ba, yanzu na gane: yarinyar da ba ta da kowa ta samu masu ƙaunarta a inda ba wanda zai je nema.

Baƙuwa22: Ashe daga littafin Abubakar Imam ne wannan? Na karanta a makaranta amma ban tuna da wata cinya ba.

Baban_Littafi: A'a 'yata, abu biyu ne. Tatsuniyar daban, ta baka ce, ba a san wanda ya ƙirƙire ta ba. Littafin Abubakar Imam mai wannan suna ya fito a 1934, bayan gasar rubutu ta 1933, kuma labarin Alhaji Imam ne da yawon da ya sha wajen neman ruwan, da artabunsa da Malam Zurƙe. Sunan ya ara, ban da labarin. Shi raha ta fi yawa a cikinsa.

Tun da an taɓo tsofaffin labarai, bari in ƙara wani abu da zai yi wa Hajjo daɗi. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da kundin tatsuniyoyinsu na farko a 1812. A wannan bugun, matar da ta matsa a kai yara biyu daji a yar da su saboda yunwa, wato Hansel da Gretel, uwarsu ce mahaifiya. Sai a bugun 1840 aka mayar da ita matar uba. Haka a tatsuniyar Snow White, sarauniyar da ta nemi kashe yarinyar saboda kishin kyau: a 1812 uwarta ce, a 1819 ta koma matar uba. Sun yi ta gyara har bugun ƙarshe na 1857. Sun ga uwa mai yar da 'ya'yanta ta fi ƙarfin abin da iyaye za su karanta wa yara, suka sassauta. Amma ba su cire yunwar ba, ba su cire mayyar da ta kama Hansel da Gretel da tanderunta ba, domin in aka cire su babu abin da ya rage wa yarinyar da za ta ceci ɗan'uwanta daga gare shi.

Sarkin_Musu: Malam, da girmamawa, wannan ai hujjata ka kawo. Suna auna tsoron ne, su ƙara nan su rage can, har ya yi daidai da abin da kasuwa za ta ɗauka.

Baban_Littafi: Kowane mai sana'a yana awo. Awon ba ya mayar da abu ƙarya.

Ɗan_Alƙalami: Ni ina ɗan taɓa rubutu, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Akwai labarin da nake fama da shi yanzu. Wata tsohuwa ce mijinta ya rasu, ɗakinta na yoyo, ba ta da mai gyara mata. Wani aljani da ke zaune a kangon da ke jikin gidanta ya ce zai riƙa yi mata aiki da dare, amma ladansa shi ne kowane dare ta ba shi abu ɗaya da take tunawa game da mijin, ya haɗiye, ba za ta sake tuna shi ba har abada. Ta yarda. Da farko ta yi wayo, tana ba shi munanan: ranar da ya zage ta gaban mutane, shekarar da ya yi tafiya bai aiko ba. Rufi ya gyaru, ita kuma sai ƙara son mamacin take yi, tun da sharrinsa duk ya tafi cikin aljani. To munanan sun ƙare, damina ba ta ƙare ba. Daren da ta zo ba shi na farko cikin masu daɗi, ta zaɓi mafi ƙanƙanta: yadda yake kakkaɓe takalminsa sau biyu a bakin ƙofa kafin ya yi sallama. Aljanin ya karɓa, ya riƙe a baki bai haɗiye ba, ya ce bai taɓa ɗanɗana irin wannan ba.

A nan na tsaya. In na sa ya mayar mata, labarin ya zama na yara. In na sa ya haɗiye ya ci gaba har ta manta sunan mijin, ya zama mugunta kawai. Abin da nake nema yana tsakani, kuma wurin ƙunci ne ƙwarai. Wanda ya ce dabara ce mai sauƙi ya zo ya gwada.

Mai_Karatun_Dare: Kai! Ɗan_Alƙalami ka gama da ni. Takalmin nan. Don Allah kar ka bar shi a haka.

Tsattsewa: Shawarata, ya haɗiye. Alkawari alkawari ne, aljanin da ke yafe bashi saboda an ba shi tausayi ba aljani ba ne, kawu ne. Amma washegari da dare in ya zo aiki, sai ta ji an kakkaɓe takalmi sau biyu a bakin ƙofa. Ita ba ta san me ya sa sautin ya sa ta kuka ba, tun da ta manta. Shi ma bai san me ya sa ya yi ba.

Ɗan_Alƙalami: Malama Tsattsewa, wannan fashi ne da rana tsaka. Kin shiga kaina kin ɗauko abin da na kasa ɗaukowa. Zan gwada shi, in ya zauna sai in nemi izininki.

Tsattsewa: Na ba ka, kyauta.

Na_Gefe: Ni fa ina da ja a kan yawan sa aljanu da fatalwa a labari. Aljanu halittu ne na gaske, mu kuma muna ƙaga musu hali da magana yadda muka ga dama. Mamaci kuma ba ya dawowa. Ba na cewa kowa ya daina, amma ni raina bai kwanta ba.

UmmuHanan: Ɗan'uwa, damuwarka tana da wuri, kuma wanda ransa bai kwanta ba ya bari, ba dole. Sai dai mai ba da tatsuniya tun farko yake shelanta cewa ƙage ne, kuma da ƙurunƙus yake rufewa. Ba wanda ya tashi daga wurin yana zaton Gizo maƙwabcinsa ne. Kuma irin labarin da ake magana a kai bai dogara da aljani ba. Ana iya yin sa da mutum-mutumi, ko da tsuntsu, ko da takarda.

Ɗalibin_Adabi: Anti UmmuHanan ta ce takarda, ta tuna mini. Ken Liu, marubuci Ba'amurke haifaffen ƙasar Sin, yana da gajeren labari The Paper Menagerie, ya fito a 2011, ya kuma lashe manyan kyaututtuka uku na fannin labaran al'ajabi, Hugo da Nebula da World Fantasy. Babu dodo ko ɗaya a ciki. Uwa ce 'yar Sin da aka auro zuwa Amurka, tana naɗe wa ɗanta dabbobi da takarda ta hura musu numfashi su tashi suna wasa. Yaron ya girma ya fara jin kunyarta, ya daina amsa mata da harshenta. Ta rasu da ciwon daji. Daga baya ya tarar da wasiƙarta a rubuce a cikin damisar takardar, shi kuma bai iya karanta rubutun ba, sai da ya nemi wata baƙuwa ta karanta masa. Abin tsoron a nan shi ne ɗan da kansa, kuma ba a ba shi damar neman gafara ba.

Baƙuwa22: Haba Ɗalibi! Ka ba da labarin duka, yanzu me ya rage mu karanta? A riƙa gargaɗi mana.

Ɗalibin_Adabi: Ki karanta duk da haka, za ki ga sanin ƙarshen bai kare ki daga komai ba.

Sarkin_Musu: Ga shi nan dai. Uwa ta mutu, wasiƙa ta fito, kowa ya yi kuka. Ina tausayin yake ga uwar? Ita ta mutu ɗanta na gudunta. Sanyin ran da kuke magana mai karatu ne ya samu, ita ba ta samu komai ba. Wannan shi ne abin da ke damuna da irin labarin nan gaba ɗaya. Ku ɗauki labarin yarinyar nan mai sayar da ashana na su Grimm. Yarinya ba takalmi a daren sanyi, tana tsoron komawa gida uban ya doke ta don ba ta yi ciniki ba, tana ƙyasta ashana tana ganin kakarta da ta rasu, da safe a tsinci gawarta tana murmushi. Sai mu rufe littafi mu ce Allah sarki. Wa ya buɗe mata ƙofa? Ba kowa. Marubucin ya yi wa mutuwar yaro ado don mu samu barci.

Baban_Littafi: Gyara kaɗan: ba na Grimm ba ne, na Hans Christian Andersen ne, mutumin Denmak, 1845, kuma shi ya rubuta abinsa, ba tattarowa ya yi daga bakin mutane ba. Amma maganarka tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Sai dai ni ina karanta ƙarshen daban. Mutanen da suka tsaya kan gawar da safe cewa suka yi ta so ta ji ɗumi ne, suka wuce. Mai karatu ya san abin da ta gani, su ba su sani ba, kuma yana cikin masu wucewar ko ya so ko bai so ba. Ni ban taɓa samun barci daga labarin nan ba.

Hajjo_Tatsuniya: Ni a nan ina bayan Sarkin_Musu, abin mamaki. Labarin ashana ba ya cikin waɗanda nake so. Babu wanda ya yi wa wani alheri a cikinsa, sai mafarki. Wanda nake so shi ne wanda wani zai ba da abu nasa, ya ji zafin bayarwar. Kamar na Oscar Wilde, marubuci ɗan ƙasar Ireland, na 1888, mutum-mutumin yarima da aka lulluɓe da zinariya a tsakiyar gari, yana hango talaucin mutane, ya roƙi wani tsuntsu ya riƙa ɓamɓare masa ado yana kai musu, har idanunsa biyu. Tsuntsun ya fasa bin 'yan'uwansa zuwa Masar saboda shi, sanyi ya kashe shi a ƙafafunsa. Manyan gari suka ga gunki ya yi muni suka narkar da shi. Su biyun sun yi asara ta gaske, amma wani yaro mara lafiya ya samu sauƙi a dalilinsu. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Mai_Karatun_Dare: Yaya Hajjo, kin faɗi abin da na so in faɗa tun farko na kasa. A biya. In alherin bai ci wa mai yinsa komai ba, ban san me zan yi da shi ba.

Ɗalibin_Adabi: Tolkien, marubuci ɗan Ingila, ya yi lacca a kan tatsuniya a jami'ar St Andrews da ke Sikotilan a 1939, daga baya aka buga ta. Abin da ya tsaya a kai shi ne juyin alherin da ke zuwa ba zato a ƙarshen tatsuniya ba ya musun baƙin ciki da faɗuwa, hasali ma sai faɗuwar ta kasance mai yiwuwa da gaske kafin farin cikin kuɓuta ya yi tasiri. Kusan abin da Anti UmmuHanan ta faɗa ne a sama, ba tare da ta je Sikotilan ba.

UmmuHanan: Allah ya shirye ka Ɗalibi.

Maman_Biyu: Ku bar ni in karkatar da zancen kaɗan. Yara fa? 'Yata mai shekara bakwai tana son labarin dodo, amma in na ba ta sai ta ƙi kwana ita kaɗai. Mahaifinta ya ce in daina. Ni kuma na ga ranar da kakarta ta rasu, labarin da ta nemi in maimaita mata shi ne na wata marainiya da na taɓa ƙaga mata, wadda uwarta ke zuwa mata a siffar kurciya. Ba ta nemi na dariya ba.

Tsattsewa: Maman_Biyu, yaro ya riga ya san akwai abin tsoro, ba labari ne ya koya masa ba. Abin da bai sani ba shi ne ko za a samu wanda zai tsaya tare da shi. Ki ci gaba, ki dai matsar da lokacin daga bakin barci, kuma ki bar ta ta tsayar da ke in ya yi mata yawa.

Na_Gefe: Ba kowane yaro ba. Ni an ba ni labarin maye ina ƙarami, na daɗe ina tsoron wata tsohuwa da ba ta yi mini komai ba, sai don tana zaune ita kaɗai. Labaran nan suna da wanda suke cutarwa, kuma yawanci tsofaffin mata ne marasa gata.

Hajjo_Tatsuniya: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Na_Gefe. Shi ya sa na fi son waɗanda ke juya abin, a tarar wadda gari ke gudu ita ce mai jinƙai. Amma na yarda ba duka ne ke juyawa ba.

Baƙuwa22: Ni tambayata, me ya sa sai gajere? Dogon littafi ba zai iya ba?

Ɗan_Alƙalami: Zai iya, amma da wahala. A dogon labari dole ka yi bayani: daga ina aljanin ya zo, su nawa ne, wa ke mulkinsu, me ya sa tunani yake ci. Da ka bayyana shi ya daina ban tsoro, ya zama maƙwabci mai baƙon hali. Tausayin ma in ka ja shi babi arba'in sai ya gundura. A gajere kuwa abin al'ajabi ɗaya ake ba ka, ka karɓa ba tambaya, a kai ka wuri ɗaya a sauke. Edgar Allan Poe, marubuci Ba'amurke, ya yi wannan maganar tun 1846, cewa rubutun da za a karanta a zama ɗaya ne ke iya riƙe tasiri guda bai tsinke ba. Masu kyautar Hugo ma sun sa iyaka, gajeren labari a wurinsu shi ne wanda bai kai kalma 7,500 ba. Nawa na tsohuwa ko rabin haka ba zai kai ba.

Baban_Littafi: Amma kar mu manta Dare Dubu da Ɗaya. Gajerun labarai ne, sai dai an zuba su cikin wani babba wanda ya fi su duka muni: sarki yana aure da dare yana kashewa da safe, Shaharzad ta shiga da ƙafarta don ta tsayar da kisan 'yan mata, makaminta labari kawai. Duk abin dariyar da ke ciki ana ba da shi ne takobi na jiran gari ya waye.

Sarkin_Musu: Kuma a ƙarshe ta zauna da wanda ya kashe duk waɗancan matan, aka ce an ji daɗi. Malam, kullum kai kake kawo mini hujja.

Baban_Littafi: Ɗana, kai ko an ba ka aljanna sai ka tambayi wa aka hana.

Sarkin_Musu: Sai in tambaya mana. Amma don kar a ce ban amsa tambayar Mai_Karatun_Dare ba: ina karanta su, har da na ashanar da na zaga. Abin da ban yarda ba shi ne cewa sanyin da muke ji shaida ce ta labarin ya faɗi gaskiya. Wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci an iya mu ne kawai, kuma daga ciki ba ka iya bambancewa.

Mai_Karatun_Dare: Ni ina ganin ana iyawa, ko da ba nan take ba. Wanda aka iya ni da shi, kwana biyu na manta sunayen mutanen ciki. Ɗayan kuwa sai in ga ya canja yadda nake kallon wani a zahiri.

Sarkin_Musu: Wannan ma'aunin naki ne 'yar'uwa, ba na labarin ba. Ɗan_Alƙalami, ni tambayata ta aiki ce: in damina ta wuce rufin ya daina yoyo, aljanin zai daina zuwa ne, ko tsohuwar za ta fara huda rufin da kanta?

Ɗan_Alƙalami: Ban yi tunanin hudawar ba. Yanzu kun ba ni ƙarshe biyu, kuma ba sa zama a labari ɗaya.

Tsattsewa: Suna zama mana. Kawo daftarin mu gani kafin ka yanke.